Ƙwallayen Dabino Biyar a Farantin Surukina

Surukina ya zo wurinmu a Dubai cikin zafin shekarar 2018, wata biyu bayan ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar masallacin unguwarsu a Zariya. Likitoci suka ce shanyewar ɓarin jiki ce, amma mai sauƙi. Hannunsa na dama ya yi nauyi, harshensa ma haka. Magana tana fita, sai dai a hankali, har mai gaggawa ya ƙosa ya ƙarasa masa ita. Maigidana da wansa suka shawarta a kawo shi nan a riƙa yi masa gashi da motsa hannu a asibiti, aka samo masa biza ta wata uku.

Fulat ɗinmu yana Hor Al Anz, hawa na uku, ɗaki biyu da falo. 'Yan matanmu biyu sun tafi hutu Kano wurin mahaifiyata, sai muka ba shi ɗakinsu. Maigidana yana aiki a wani ɗakin ajiyar kaya a Jebel Ali, yana fita bayan asuba, ba ya dawowa sai magariba. Wato daga ni sai Baba a gida yini guda, ga shi waje ba ya fituwa, iskar ma kamar daga bakin tanda take.

A Zariya ina iya yin mako guda a gidansa ban haɗa ido da shi ba. In durƙusa a bayan labule in gaishe shi da safe, shi ke nan. A nan kuwa lungu ɗaya muke bi. Da kanmu muka tsara yadda za mu yi, ba tare da wani ya ce uffan ba. In zan kai masa abinci sai in ajiye faranti a bakin ƙofa, in yi sallama, in koma kicin. In zai fito alwala sai ya yi gyaran murya sau biyu, ni kuma in ba shi hanya. Haka muka yi mako uku, maganarmu ba ta wuce gaisuwa da ya jiki ba.

Akwai abin da ke rataye a kanmu duka. Tun rasuwar surukata Baba yake zaune a gidansa na cikin birni, shi da wata ƙanwarsa tsohuwa. Wan maigidana, wanda dukanmu muke kira Yaya, so yake in bizar ta ƙare a rufe gidan, a kai Baba Kaduna wurinsa, a karɓe makullin motarsa. Maigidana ya ce a jira a ga yadda kan Baba yake tukuna. In hankalinsa ƙalau ne, ba wanda ya isa ya raba shi da gidansa. Shi Baba sau ɗaya tak ya tanka a kan maganar. Ya ce, “Gidana zan koma.” Bai ƙara ba.

Wata safiya na ajiye faranti, sai na ji ya ce daga ciki, “'Yata, kina da basilla?”

Na ce akwai, Baba.

“Da almakashi. Da tsohuwar kalandar nan ta bayan ƙofa, in ba a so.”

Na ɗauka takalmi zai gyara. Na kawo, na ajiye, na tafi. Bayan kwana biyu na lura ƙwallayen dabinon da nake ba shi da shayi sun daina dawowa a faranti. Sai kuma na fara jin wani ƙas-ƙas daga ɗakin, a yi shiru, a sake ƙas-ƙas. Ranar da ya shiga wanka ya bar ƙofa a buɗe, na shiga da tsintsiya, na gani. Ya yayyanka kalandar ziri-ziri, faɗin yatsu biyu. Kowane ziri an huda shi sahu-sahu, wani sahun huji ɗaya, wani uku, wani biyar, wani ba ko ɗaya. Ga ƙwallayen dabino biyar a faranti, wankakku.

Washegari na leƙa ta tsagar ƙofa, Allah ya yafe mini. Yana zaune a ƙasa, ya kaɗa ƙwallayen a tafin hannu, ya watsa a faranti, ya duba su, leɓensa na motsi, sannan ya ɗauki basilla ya yi huji.

Ina yarinya akwai wani mutum a bayan layinmu mai faifan yashi, yana ɗiga yatsa sahu-sahu yana gaya wa mata abin da zai faru, mahaifiyata ta hana mu ko bin ƙofarsa. Abin da na gani ke nan a idona: jifa, dubawa, ɗige-ɗige. Na ce a raina ciwo ya sa bawan Allahn nan ya koma duba, yana neman sanin kwanansa. Na yi kuka a kicin, don ina ƙaunarsa, kuma na san abin da malamai suka faɗa game da wannan aiki.

Na ɗauki hoton ziraran da waya, da magariba na nuna wa maigidana. Ya yi dariya da ya ji fassarata.

“Duba? Baban da ko laya bai taɓa bari an rataya mana ba?”

Amma da ya ƙara kallon hoton sai dariyar ta ɗauke. Ya shiga ɗakin, ina jin su.

“Baba, mene ne wannan kake yi da takarda?”

“Aiki.”

“Wane irin aiki, Baba?”

“Irin wanda ba ka iya ba.”

Ya fito jiki a sanyaye. Ya tura wa Yaya hoton, ni kuwa ban hana ba. Yaya ya bugo nan take, muryarsa har kicin. Ya ce ai ga shi nan, gigin tsufa ne, haka yake farawa, yau huda takarda, gobe a fita a kasa gane hanyar gida. Ya ce ranar da Baba zai sauka Kano shi zai tarye shi, daga filin jirgi sai Kaduna. Maigidana ya ce to. Saura wata biyu bizar ta ƙare.

Ni dai ban bar zatona ba. Kullum bayan na kai karin kumallo sai in kunna Suratul Baƙara a waya, in ƙure murya, in jingine ta a bakin ƙofarsa. Rana ta uku ƙofar ta buɗe ba gyaran murya. Na juya zan gudu kicin.

“'Yata. Aljanun da kike kora, sun tafi kuwa? Ko sai an ƙara musu Ali Imrana?”

Na durƙushe a wurin, na rufe fuska da mayafi.

“Karatun yana mini daɗi, kada ki daina. Amma gaya mini, me kike zato nake yi?”

Ya tsaya yana jira, shi ba mai gaggawa ba ne. Daga ƙarshe na ce, ƙasa-ƙasa, “Baba, na ga kamar bugun ƙasa.”

Ban taɓa jin dariyarsa ba sai ran nan. Sai da ya dafa bango. Ya ce, “Su 'ya'yana sun ce na zare, ke kin ce na yi shirka. Gara ke, ai kin bar mini hankalina. Zauna nan, a bakin ƙofar, tunda ba za ki shigo ba.”

Na zauna a lungu, gefe na juya masa, shi yana ciki, faranti a tsakaninmu.

Abin da muka sani game da aikinsa shi ne ya yi akawu a gwamnati, har an tura shi ƙasar waje yana saurayi. Ranar na ji sauran. A wani ofishin jakadancinmu ya zauna, a wani ɗaki marar taga, mai ƙofar ƙarfe. A ciki akwai injin da ake kira telifirinta, kamar tafireta, amma in ka buga a nan sai ya fito a wata ƙasa ta waya. Injin bai san harafi ba, in ji Baba, huji ya sani. Kowane harafi yana da sahunsa na gurbi biyar a kan zirin takarda, kowane gurbi ko a huda ko a bari. Ya ɗauki ziri ya yi huji biyu a gurbin farko da na biyu.

“Wannan A ke nan. Huji ɗaya a farko, E. Huji ɗaya a ƙarshe, T. Iri talatin da biyu ne duka, ba su fi haka ba.”

Matsalar, ya ce, duk wanda ya ɗana kunne a kan wayar da irin injin, zai karanta saƙonka kamar jarida. Saboda haka ake da ziri na biyu, shi ake kira makulli. Shi ba magana ba ne, hujin banza ne, ba kai ba gindi. Ana yin sa guda biyu iri ɗaya sak, tagwaye, ɗaya a ba ofishin gida, ɗaya a kawo musu a naɗe cikin jakar da ba mai buɗewa a hanya. Ba na uku a duniya. In za a aika saƙo, sai a saka zirin saƙo da zirin makulli a injin, su yi tafiya tare, sahu da sahu, injin yana gwama su.

“Doka ɗaya ce, ko a Islamiyya za ki iya koyar da ita. Dubi gurbin saƙo, dubi gurbin makulli. In sun yi daidai, duka huji ko duka babu, a bar wurin. In sun saɓa, a huda. Khalas, in ji mutanenku na nan.”

Ya ajiye A ɗin, ya ajiye wani sahun kusa da shi mai huji a gurbin farko da na huɗu. Ya turo mini basilla da sabon ziri. Gurbin farko duka huji, na bari. Na biyu sun saɓa, na huda. Na uku duka babu. Na huɗu sun saɓa, na huda. Na biyar babu.

“Na biyu da na huɗu. R ke nan. Ita za ta bi waya, mai saurare ya ji R. To yanzu ke ce ta can gida, R ta iso miki, ga tagwayen makullin a hannunki. Sake gwama su, da dokar nan dai.”

Na gwama. Huji ya fito a farko da na biyu. A ta dawo.

Na daɗe ina kallon takardar. Abin da ya kulle shi ne ya buɗe, ba a canja komai ba. Na ce subhanallahi. Na manta da kunya har na ɗago ido na dube shi, na ga yana murmushi da ɓarin bakinsa mai lafiya.

Na tambaye shi ƙwallayen dabinon fa? Ya ce su ne ke yi masa makulli. Tsagar ƙwallo ta kalli sama, huji. Bayansa ya kalli sama, babu. A karanta daga hagu zuwa dama. Na ce me zai hana ya ƙirƙira da ka? Ya ce bismilla, in yi ta faɗin huji ko babu yadda na ga dama. Na fara. Ban kai ashirin ba ya shiga riga ni faɗa, kuma yawanci yana dacewa.

“Kin gani? Ba kya son ki ce huji sau uku a jere, kina ganin rashin adalci ne. Ɗan Adam yana da hali, mai haƙuri kuma zai gano halin. Namu na aiki wani inji ne yake yi, daga shuuu ɗin nan na lantarki irin na rediyo in ba tasha. Ƙwallon dabino ma yana da ɗan son kai, ya fi faɗuwa ta gefe guda. Amma ni da ke ba yaƙi muke da kowa ba.”

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ya ce ko wanda ya fi kowa lissafi ba zai fasa ba, kuma ba don wuya ba. Ya huda sahu huɗu ya nuna mini. Da wannan makullin za su ba da TAFI. Da wani makullin, su ɗin dai, za su ba da DAWO. Duk kalma mai harafi huɗu tana iya fitowa, ba abin da zai nuna wa ɓarawo wadda ake nufi. Amma da sharaɗi: makulli ya kai tsawon saƙon, kuma a yi aiki da shi sau ɗaya tak. In aka yi rowa aka kulle saƙo biyu da ziri ɗaya, mai saurare zai gwama kullallun biyu, makullin ya fice da kansa, ya bar saƙonnin a cuɗe, mai naci ya zauna ya tsince su. Shi ya sa wani injin ma yana da 'yar wuƙa da take tsarge zirin yana wucewa, ragowar kuma a ƙone kafin a tashi aiki, mutum biyu suna tsaye suna kallo.

Daga ranar hantsinmu ya canja. In na gama shara da wanke-wanke sai in zo bakin ƙofa. Ya rubuta mini jadawalin haruffan a bayan kwalin shayi da hannun hagu. Mu haɗa ziri biyu mu huda tare, su fito tagwaye, ya riƙe ɗaya in riƙe ɗaya. Ya kulle saƙo ya ajiye a faranti, in tafi kicin in buɗe. Saƙon farko da na buɗe ni kaɗai cewa ya yi GISHIRI YA YI YAWA. Mako shida yana cin miyata bai faɗa ba. Na mayar masa da AN JI. Ya kama ni na yi aiki da ragowar makullin jiya da muka riga muka taɓa, ya yi mini faɗa sosai, shi ne faɗa ɗaya da ya taɓa yi mini. Ƙonawa kuwa ba a fasa ba. Fulat ɗin yana da na'urar nan mai ihu in ta ji hayaƙi, sai nake kai kaskon turaren wuta baranda, in ɗora zirin a kan garwashi, shi yana tsaye a ƙofa sai ya ga ya zama toka.

Wani lokacin yakan ba ni labarin mutumin da ke ɗaya bakin wayar, wanda suka yi shekaru suna aiki tare bai taɓa ganin fuskarsa ba, amma ya san ranar da yake gajiye da ranar da yake cikin nishaɗi. Abin da ke cikin saƙonnin kuwa ko kusa bai je ba. Ya ce ya yi rantsuwa, kuma ba wanda ya zo ya ce masa ta ƙare. Surukata ta rasu ba ta san komai a kai ba. Na yi tunanin yadda ni na kasa riƙe abin da na gani na yini ɗaya, sai kunya ta kama ni.

Wata rana dai na ce, “Baba, ni ce na ɗauki hoton da aka tura wa Yaya. Ka yafe mini.”

“Na sani. Bangon gidan nan ai takarda ne, duk abin da suke faɗa a waya ina ji.”

“To me ya sa ba ka yi musu bayani ba?”

Ya juya basilla a hannu. Ya ce wanda aka riga aka ce ya ruɗe, in ya buɗe baki da wannan harshen nasa ya ce shi ma'aikacin sirri ne a ƙasar waje, me zan ce za su ɗauka? Sannan ya faɗi abin da ban zata ba. Ya ce shi kansa bai tabbata ba. A makonsa na farko a nan ya riƙe cokali, ya nemi sunansa ya rasa, har na ɗan lokaci. Tsoro ya kama shi. Sai ya ce bari ya gwada ko haruffan nan talatin da biyu suna nan. Ya same su cif. Kullum da safe yake sake dubawa, ya kulle, ya buɗe, ya ga ko zai yi kuskure.

“In kan nawa ya tafi da gaske, 'yata, da ƙafata zan bi yayanku Kaduna. Amma ina so ni in fara sani.”

Saura kwana goma sha biyu bizar ta ƙare. Na ce masa in ya yarda zan yi wa Abban yara magana. Ya ce magana ba za ta yi ba, sai dai a gwada a gabansa.

Ranar Juma'a ce, lokacin ita ce ranar hutu a nan. Suka dawo daga masallaci, na gama abinci amma ban zuba ba. Na ce wa maigidana Baba yana son ganinsa a falo. Baba ya zauna a ƙasa da kayansa, ya ce masa, “Rubuta abin da ka ga dama a takarda, gajere, kada ta gani. Ni kaɗai za ka nuna wa.”

“Baba, don Allah, a bari sai an ci abinci mana.”

“Rubuta.”

Na shiga kicin da nawa makullin, na rufe ƙofa. Ya ɗauki lokaci, hannun bai gama warwarewa ba. Ina jin maigidana yana cewa a kawo ya taya shi, Baba yana cewa ya tsaya a inda yake. Can maigidana ya turo ƙofa ya miƙo mini ziri, fuskarsa irin ta mai rarrashin marar lafiya. Ya tsaya a kaina ya harɗe hannu.

Na shimfiɗa ziraran biyu a kan tebur na fara. Na gama, na duba jadawali, na rubuta haruffan. Abin da ya fito ba Hausa ba ne, ba Turanci ba, ba komai ba.

“Karanta mana,” in ji maigidana, a hankali.

Na fito falo. Na karanta harafi-harafi: N, I, O, sai fili, G, N, I. Ban iya ƙarasawa ba. Maigidana ya sunkuyar da kai. Na san abin da yake tunani, na san kuma da hannuna na ƙara tabbatar wa Yaya maganarsa.

Baba ko ɗagowa bai yi ba.

“Kin kifa su.”

“Na'am, Baba?”

“Duka biyun kin kifa, ta baya kika karanta. Gurbin farko ya koma na biyar. A huji biyu ce a farko, in an kifa ta koma huji biyu a ƙarshe, O ke nan. I da N kuwa musanya suke yi. Ina layin biro da nake ja miki tsakanin gurbi na biyu da na uku?”

Na duba. Babu layi. Ta baya hujin basilla ya fi tasowa, ya fi ganuwa, ni kuma a ruɗe nake.

“A zirin gaske ƙananan huji ne a wurin, waɗanda haƙoran inji ke ja, biyu ta nan uku ta can, don kada a yi irin wannan. Sabon ma'aikaci duk sai ya yi sau ɗaya. Ba sai kin sake gwamawa ba, juya takardar amsar kawai ki karanta.”

Na juya ta a nan gabansu, na bi jadawali da yatsa. I, N, A. Fili. J, I, N. Kafin in kai ƙarshe dariya da kuka suka haɗe mini.

“INA JIN YUNWA,” na ce.

Maigidana ya buɗe tafin hannunsa, ya dubi 'yar takardar da ya dunƙule, kamar wani ne ya rubuta. Ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa. Ya dubi mahaifinsa ya daɗe.

“Baba, a ina ka koyi wannan?”

“A wurin aikin da ya biya maka makaranta. 'Yata, zuba masa abinci, kin ji saƙo.”

Bai ci ba sai da ya sa aka maimaita, wannan karon shi ya riƙe basilla, Baba yana gyara masa. Ya yi kuskure uku a kalma ɗaya, Baba ya kama duka daga inda yake zaune. Ya ce da shi, “Kai da kake lissafin kwantena. Matarka ta fi ka kai, ka riƙe ta da kyau.”

Bayan la'asar maigidana ya kira Yaya. Ya fara bayani, Yaya yana katse shi, yana cewa a daina biye wa tsoho. Sai Baba ya miƙa hannu aka ba shi wayar. Ban taɓa jin ya yi doguwar magana haka ba tun zuwansa, kuma ba wanda ya ƙarasa masa kalma. Ya ce ya san tsoro ne ya sa Yaya, ba raini ba, Allah ya yi masa albarka. Ya ce gidansa zai koma. In sun ga dama su kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa duk bayan wata uku, zai je, kuma ranar da likita ya ce ya fara ruɗewa ba sai an ja shi ba.

“Motar kuwa ka aiko a ɗauka. Na gwada ƙafar nan, ba ta taka birki yadda nake so. Wannan ni na faɗa, ba ku ba.”

Sai muka ji Yaya ya ce, “To, Baba. Zan zo Kano in ɗauke ka in kai ka Zariya. Bari in sa a share gidan.”

Baba ya miƙa wa maigidana wayar, ya ce a tuna wa Yaya famfon tsakar gida yana yoyo tun kafin ya taho, a nemo mai gyara kafin ranar.